Tambayar da Ɗana Ya Yi Mini

Wata rana bayan Magariba ƙaramin ɗana ya biya mini Fatiha sarai, sa'an nan ya ce, "Baba, mene ne ma'anarta?" Na yi tsuru. Kullum ina karanta ayoyin nan 7 cikin salla, amma na kasa amsa masa. Kunya ta rufe ni.

Kashegari na nemo fassarar Alƙur'ani ta Malam Abubakar Gumi, wadda aka buga a 1979. Albarkacin ajin Yaƙi da Jahilci, na iya karanta ta. Tun ran nan kowane dare mukan shimfiɗa tabarma, yara su biya allunansu, ni kuwa in karanta musu ma'anar aya guda. Abin da ya shige mini duhu, sai in kai wa malaminsu, in komo musu da amsa.