Lambar da Ke Bakin Ƙarfe

Tun ƙarshen bazara tayar baya ta babur ɗinmu ta fara gurnani. Babur ne na daji, ƙirar Yamaha, wanda marigayi mahaifinmu ya bari tun zamanin yana malamin gona. Idan damina ta yi nisa, shi kaɗai ke iya kai mu ƙauye wurin Inna, domin daga inda kwalta ta ƙare laka ce da rafi biyu, ga shi duk wata sai an kai mata maganin hawan jini.

Bakanike ya ɗaga tayar, ya girgiza ta, ya ce boris ya ci. Ruwa da yashi sun shiga sun wanke giris.

A kasuwa, tambayar farko ita ce, "Na wane babur?" Da mun faɗi sunan sai a kaɗa kai, a ce irin namu ba a kawo kayansa sai an aika Legas. Wanda ya ce yana da shi, kuɗin da ya yanka mana ya sa muka fita ba sallama. Muka koma ga wani mai araha a kwali mai ƙyalli. Sati uku bai cika ba tayar ta fara rawa a tsakiyar rafi, da maganin Inna a aljihu. Turawa muka yi har gari.

Wanda ya fitar da mu ba mai sayar da kayan babur ba ne. Wani dattijo ne a unguwarmu mai gyaran fanka da injin ban ruwa. Ya karɓi tsohon boris ɗin da muka ciro tun farko, ya goge bakinsa da fetur, ya ce, "Samari, duk karatun naku ba wanda ya duba nan?" Ga lamba a zane: 6202. Kunya ta kama mu.

Ashe kamfanin babur ba shi ke ƙera boris ba, saye yake yi. Lambar awo ce da duniya ta yarda da ita: 6202 na nufin rami milimita 15, faɗi 35, kauri 11, ko a babur yake ko a fankar sama. Biyun ƙarshe ne ke nuna ramin: 01 milimita 12, 03 kuma 17. Sai haruffan da ke biye. ZZ murfin ƙarfe ne, ya dace da fanka a ɗaki. Mai ratsa rafi 2RS yake so, mai roba gefe biyu. Na kwali mai ƙyallin nan ZZ ne.

Muka ce, "Baba, jabu fa?" Ya yi dariya, ya ce sunan SKF da NSK da Koyo kowa na iya buga shi a kwali, shi kansa an sha cutarsa. Dabararsa dai ya juya a yatsa: in ya ji tsakuwa ko sassauci, ya ajiye.

A rumfar masu kayan injin niƙa muka sami biyu, kuɗinsu bai kai rabin na ɗaya a wancan shagon ba. Baba ya tsaya a kan bakanike kada guduma ta taɓa zoben ciki, ya kuma sa aka canza robar da ke tare ƙura.

Ranar Asabar muka shiga ƙauye. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Yau a ƙasa kuka zo? Ban ji kukan abin naku ba."