Takalman Akori-kura: Daga Shanga Zuwa Wara

Akori-kurar Kawu Peugeot 504 ce, haɗin kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975. Injinta lafiya lau, tayoyin baya ne suka suɗe har zare ya fara leƙowa. Da kaka ta yi ya samu dakon shinkafa daga Shanga, da alkawarin kwaso kifi banda daga Wara, sai na bi shi. Mun baro Shanga da hantsi, muka hau titin da ya taho daga Koko muna lallaɓawa, don Kawu ya rantse ba zai wuce Yelwa da waɗannan tayoyi ba.

A Yelwa muka sauke shinkafa, muka nufi wajen masu taya. Mai shagon, wani matashi mai fara'a, ya gaida Kawu, ya jawo rim na alminiyam mai sheƙi da taya mai faɗi.

"Baba, in ka sa mata wannan, sai ta koma yarinya."

"Ɗana, kaya nake ɗauka," in ji Kawu. "Miƙo min na ƙarfe."

Ya tsuguna ya ɗora rim ɗin a kan tsohon, yana duba ramukan noti. Yawan ramuka kaɗai bai isa ba, sai tazarar da ke tsakaninsu ta zo daidai, ramin tsakiya ma ya zauna daram. Rim ɗin Hilux mai ramuka shida ba ya shiga Peugeot ko kusa. Akwai masu kai rim wajen mai walda a buɗa ramin, Kawu kuwa ya ce wannan ganganci ne da ran mutane: noti yakan kwance a hankali, wata rana a ga taya ta bar mota. Ya ƙara da cewa in rim na ƙarfe ya lanƙwashe a rami, kowane maƙeri zai buge shi da guduma ya miƙe, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi, kuma babu mai gyara maka shi a ƙauye.

A nan ya koya min karanta gefen taya. Ya ɗauko wata irin ta bas ɗin Hiace, an rubuta 195R14C. Lambar farko faɗi ce a milimita, 14 girman rim ne a inci, harafin C kuwa alamar an yi ta don kaya. Tayar ƙaramar mota za ta iya hawa rim ɗin, amma gefenta laushi gare shi, ƙarƙashin buhuna sai ta yi zafi ta fashe. Mai faɗi sosai kuma tana gogar madigadi idan sifirin ya kwanta, ta sa sitiyari nauyi. Sai ya goge ƙura da babban yatsa ya nuna min lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kan yi gargaɗi kada taya ta haura shekara huɗu. Wata 'yar Baljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a waje, da aka nuna mana, zanenta raɗau kamar sabuwa, ashe ta daɗe da tsufa, gefenta duk ƙananan tsaga.

Abin yana min ciwo. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop na Ikeja ya bi baya a 2008, tun daga nan tayarmu daga waje take zuwa, da kuɗin waje. Direban da ke cin abinci da dakon albasa ba son tsohuwar taya yake yi ba, aljihu ne ke kai shi. Kawu ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya sayi sababbi guda biyu daidai da lambar da motar ta zo da ita, aka ɗaura a baya inda nauyi yake. Mai dama-dama cikin tsofaffin ta zama safaya.

Washegari muka wuce Bin Yauri, muka shiga ƙasar Ngaski. Garuruwa da yawa a nan sababbin matsugunai ne, tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci tsibiran Gungawa, aka tashi mutane kimanin 44,000. Albasa a fadama, Kambari a gonaki, tafkin yana bayyana ta dama yana ɓacewa.

Kusa da bakin ruwa a Wara rairayi ya yi yawa. Kawu ya sauka ya rage iska kaɗan, muka ratsa ba tare da mun kafe ba. Mata suka kawo kwandunan kifi, ƙamshin hayaƙi ya cika bayan mota, jiragen kwale-kwale na ta sauke fasinja daga tsallake. Da aka gama lodi ya zagaya motar, ya dafa kowace taya, ya gwada kowane noti da sifana. Sannan muka nemi mai faci a bakin kasuwa ya mayar da iskar, Kawu na tsaye a kansa yana duban geji, don bai yarda a auna taya da bugun ƙafa ba.