Daga Wankin Keji Zuwa Horon Karnuka: Shaidarmu Daga Maigatari

 Mu biyu ne, wa da ƙani, kuma da yawanku kun san mu da sunan da yaran unguwa suka laƙaba mana, wato "masu karnuka". Da can sunan yana yi mana zafi. Yau muna so mu ba ku labarin shawarar da muka yanke a kan wannan sana'a, domin har yanzu muna cikin tsakiyarta, kuma muna bukatar addu'arku.

Mun fara ne a shekarar 2018 da keji biyu a bayan gidanmu a Maigatari. Gari ne na kan iyaka da Nijar, baƙi ba sa yankewa: ma'aikatan da aka turo aiki, direbobi, da fataken da ke zuwa kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Wasunsu suna da karnukan gadi, kuma idan tafiya ta kama su, musamman lokacin Kirsimeti da mutanenmu ke komawa Kudancin Kaduna ko Filato, ba su da inda za su bar su. Sai su kawo mana, su biya kuɗin kwana. Aikinmu shi ne share kashi, wanke keji, cire kaska, dafa tsaki da ƙasusuwan da muke samowa a mahauta. A hankali keji biyu suka zama takwas.

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, garin ya yi sanyi, cinikinmu ma ya ja baya. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020, muka ɗan farfaɗo, sai ga wani rufin bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Wannan ya koya mana cewa abincinmu yana rataye ne a kan tafiye-tafiyen wasu. Amma ba shi ne ya juya mu ba. Wani kare ne mai suna Zaki.

Zaki ya girma a ɗaure da sarƙa, bai san hannun mutum ba sai da sanda. Ranar da aka kawo shi ya kama ƙaramin cikinmu a hannu. Muka wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, muka tafi asibiti a Gumel aka fara allura, muka kuma tsare karen kwana 10 muna lura da shi don gudun cutar haukan kare. Lafiyarsa ƙalau. Da mai shi ya dawo ya ji labari, sai ya ce ya gaji, zai sa a kashe shi. Daren nan ba mu yi barci ba. Muka ga cewa shekara da shekaru muna mayar wa mutane karnukansu a ƙoshe, a wanke, amma da halin da suka zo da shi. Washegari muka roƙe shi ya ba mu wata ɗaya.

A ikkilisiyarmu akwai wani dattijo da ya yi aiki da karnukan 'yan sanda kafin ya yi ritaya. Muka je muka durƙusa muka gaishe shi, muka faɗa masa damuwarmu. Ya zo ya tsaya yana kallonmu muna daka wa Zaki tsawa, babban cikinmu riƙe da tsumagiya. Ya ce, "'Ya'yana, ku ajiye wannan bulalar. Kare ba ya jin Hausa, hannunku da muryarku yake karantawa."

Muka ce, "Baba, in ba duka, yaya zai ji tsoronmu?"

Ya ce, "Wanda ya ji tsoronku yau, shi zai cije ku gobe. An riga an gwada tsoro a kansa, ga sakamakon nan a hannun ƙaninka."

Daga nan karatu ya fara. Baba ya koya mana cewa lada sai ta zo nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da kare ya yi abin da ake so, in ba haka ba ba zai gane abin da aka saka masa a kai ba. Muka riƙa busar da hanta muna yanka ta ƙanana. Kalma ɗaya ga umarni ɗaya: "zauna", "zo", "bari", ba a canzawa. Darasi kada ya wuce minti 10, kuma da asuba ko da yamma, domin a zafin Afrilu na yankinmu kare ba ya zufa kamar mu, haki yake yi, rana tana iya kashe shi. Ya nuna mana yadda ake gane kare mai tsoro: kunne a kwance, wutsiya a matse, yawan lasar baki. Ya kuma ce watanni uku na farkon kwikwiyo su ne lokacin saba shi da mutane da awaki da ƙarar babur, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mako biyu muna zaune nesa da kejin Zaki muna jefa masa hanta, ba tare da mun ce masa komai ba. A mako na uku ya ci daga tafin hannun da ya ciza. Mai shi ya ƙara mana wata guda, daga baya ya tafi da shi gida, kuma Zaki yana nan da ransa.

Sai shawara mai wuya ta zo. Horo yana cin lokaci. Ba za mu iya wanke keji takwas mu kuma zauna da kare ɗaya sa'o'i ba. Kuɗin Disamba kuwa da shi muke biyan makarantar ƙanwarmu. Mama ta ce, "Ku da kuka samu abin da ke kawo cefane, za ku bar shi ku bi abin da ba a san shi ba a garin nan?" Gaskiya ta faɗa. Muka yi wata guda muna addu'a muna lissafi, har muka tsaya a kan rage kejin zuwa uku, mu ba horo sauran lokacin.

A wannan watan ne muka sake karanta labarin Dauda a 1 Sama'ila sura 17. Da Sarki Shawulu ya raina shi, hujjar da ya kawo ita ce kiwon tumakin mahaifinsa. Mu ma da ba mu yi shekaru muna share kashi ba, da ba mu san warin kare mara lafiya ba, ba mu san wanda zai yi cizo tun kafin ya yi gurnani ba. Aikin da muke jin kunyarsa a gabanku shi ya zama makarantarmu.

Ba mu kai gaci ba. Abin da muke samu yanzu bai kai na da ba, kuɗin zangon da ya wuce ma sai da muka biya shi kashi biyu. Amma wani makiyayi daga wajen Sule Tankarkar ya kawo mana kwikwiyo biyu don su saba da garkensa, wani mai sito a Gumel kuma ya kawo karen gadinsa. Ba ma karɓar kare sai an yi masa rigakafin hauka, daga wata uku da haihuwa, a kuma maimaita kowace shekara. Maƙwabtanmu Musulmi suna kiyaye tufafinsu daga yawun kare, don haka ba ma fita da kare sai a igiya, ba ma bi ta ƙofar masallaci. Wanda ya fi kowa ƙorafi a da, yanzu shi ke turo mana mutane.

Idan kana sharar shago, ko wankin mota, ko riƙe igiyar shanu a kara ranar Alhamis, ka buɗe ido a wurin, ka kuma nemi dattijon da ya riga ka sanin aikin. Mu kuma ku tuna da mu a addu'a: Disamba na zuwa, za a kawo karnuka fiye da kejin da muka bari, kuma muna bukatar ƙarfin halin cewa wuri ya cika. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku. Amin.