Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tafintan Hoto a Wani Asibiti na Ƙasar Shagari

A bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga ya nufi Shagari da Tambuwal, akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin da ya haura shekara arba'in da haihuwa. Mahaifinsa marubucin Alƙur'ani ne, kuma a gabansa ya yi karatun allo, ya iya ajami tun kafin ya san baƙaƙen boko. Abin da ya fi zauna masa a rai na sana'ar mahaifin shi ne muƙabala: idan an gama kwafar littafi, sai a zauna mutum biyu, ɗaya riƙe da asali yana karantawa, ɗaya yana bin sabon rubutu da yatsa, kuma ba a miƙa wa mai littafi kayansa sai an yi wannan zama. Da ya girma ya kama sana'ar wayoyi da dalma, sai ya ɗauka cewa ya rabu da wancan aiki ke nan har abada.

Wata rana da hunturu aka aiko masa daga wani ƙaramin asibiti a ƙasar Shagari. Na'urar ɗaukar hoton ciki, wadda mata ke kira sikanin, ta daina nuna komai. Tsohuwar na'ura ce da aka sayo ta hannu daga Turai, allonta irin na talabijin mai ƙeya. Da ya buɗe ta sai ya tarar injinta lafiya lau, allon ne kawai ya mutu, ga shi kuma an daɗe da daina ƙera irinsa. Likitan ya riga ya sayo talabijin ta bango, amma babu wayar na'urar da ta shiga kafarta.

Matsalar ta wuce ta bakin waya. Tsohuwar na'urar tana fitar da hoto ne a tsarin PAL, wanda gidajen talabijin na Nijeriya suka daɗe suna aiki da shi: layi 625, waɗanda 576 daga ciki ne ido ke gani, da hoto 25 a cikin daƙiƙa ɗaya, kowane hoto an raba shi gida biyu ana aiko shi rabi bayan rabi. Saƙon kuma wutar lantarki ce mai hawa da sauka, hawanta haske, saukarta duhu. Ita kuwa sabuwar talabijin lambobi take karɓa ta kafar HDMI, wadda aka fito da ƙa'idarta a 2002, kuma allonta layi 1080 ne. Harsuna biyu ke nan da ba sa jin juna. Mai gyaran ya san maganin abin: wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba, wanda ake sayarwa a shagunan kayan lantarki na Sakkwato domin masu tsofaffin bidiyo da dikoda. Ya sayo, ya haɗa, hoto ya bayyana tangararan, ya cika allo daga wannan gefe zuwa wancan. Ma'aikata suka yi murna, har wata ta ce ai ya fi na da kyau. Aka biya shi, ya koma Boɗinga da farin ciki.

Bayan 'yan makonni aka kawo wata mata daga ƙauye cikin dare, da ciki wata takwas, jini yana zuba. A irin wannan hali abin da likita ke son sani da farko shi ne inda mabiyiya take. Idan ta sauko ta rufe bakin mahaifa, to ko sa hannu a duba mace yana iya ɓalle jinin da zai tafi da uwa da ɗa, kuma haihuwa ba ta yiwuwa sai da tiyata. Likitan ya ɗora na'ura, ya dubi allo, ya ga wajen bakin mahaifa baƙi ƙirin, kamar ruwa ne kawai a wurin babu wani abu da ya tare hanya. Ungozoma ta sa safar hannu. Sai dai wani abu ya tsaya wa likitan a rai: kan jaririn ya yi masa faɗi fiye da kima. Ya ce ta dakata, ya danna ɗan injin buga hoto da ke jikin na'urar, wanda ba a cika amfani da shi ba saboda tsadar takardarsa. Wannan inji yana karɓar saƙonsa ne kai tsaye daga na'urar, bai bi ta cikin akwatin ba. A 'yar takardar da ta fito, wurin da allo ya nuna baƙi yana da wani gauraye mai ruwan toka, wato gefen mabiyiya, kwance a kan hanya. A daren aka wuce da matar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka yi mata aiki, Allah Ya tsallakar da ita da ɗiyarta.

Da safe aka sake aika wa mai gyaran. Likitan bai yi masa faɗa ba, takardar kawai ya miƙa masa, ya daskarar da hoton daren jiya a allo, ya ce, "Malam, dubi wanga, ka dubi wancan." Ya daɗe yana duban su, sannan ya ce, "Likita, akwatin nan bai yi ƙarya ba, amma ya rage zance." A nan take ya gane abin da ya tsallake. Ya kwafi littafi ya miƙa wa mai shi ba tare da muƙabala ba.

Da ya zauna ya bi abin dalla-dalla, aibi uku ya samu. Na farko, tsohon hoto faɗinsa huɗu ne tsayinsa uku, sabon allo kuwa sha shida ne da tara. Domin ya cika allo, akwatin ya ja hoton ta gefe da gefe, faɗin kowane abu ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, shi ya sa kan jariri ya baje. Na biyu, talabijin ɗin tana yanke bakin hoto kaɗan ta kowane ɓangare, al'adar da ta gada daga zamanin tsofaffin alluna, kuma a wannan baki ne na'urar ke ajiye wani siririn tsani mai nuna matakan launi daga baƙi zuwa fari, wanda da shi ake gane ko allo yana faɗin gaskiya. Na uku shi ne mafi haɗari. Hoton dijital na yau da kullum yana da matakin haske 256, daga sifili zuwa 255, amma al'adar talabijin ita ce ta ɗauki 16 a matsayin baƙi, 235 a matsayin fari. Akwatin yana aikowa da ma'auni na farko, talabijin tana karantawa da na biyu, sai matakai 36 suka salwanta, 16 daga cikinsu a ɓangaren duhu. An kuma bar ta a tsarin da ke ƙara wa baƙi baƙi domin fim ya yi armashi. A fim wannan ado ne. A hoton ciki kuwa, inda ruwa ke fitowa baƙi nama kuma toka-toka, bambancin da ke tsakanin duhu da duhu shi ne labarin gaba ɗaya.

Gyaran bai ci kuɗi mai yawa ba. Ya mayar da hoton fasalinsa na huɗu da uku, ya yarda gefen allo biyu su zauna baƙi babu komai. Ya kashe yankan baki da duk wani ƙarin ado, ya daidaita ma'aunin haske har matakan tsanin suka fito ɗaya bayan ɗaya, daidai da yadda suke a takarda. Ya sa likitan ya auna santimita biyar a tsaye da biyar a kwance, shi kuma ya ɗora rula a allo ya tabbatar tsawonsu ɗaya. Abin da bai iya gyarawa ba shi ne asalin aikin akwatin: layi 576 ya karɓa, 1080 ake nema, don haka sauran 504 ɗin ƙirƙiro su yake yi ta hanyar kintace daga maƙwabtansu. Kusan rabin abin da ido ke gani a allon, ba daga cikin majiyyaci ya fito ba.

Wannan lamari ba baƙo ba ne ga mai nazarin Hausa, domin a kan irinsa fagen ya ginu. Ƙasar Boɗinga kanta matattarar masu juya zance ce. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, kuma a wancan zamani ilmi yana tafiya ne daga Larabci zuwa Fulatanci zuwa Hausa. Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, kuma da yawa daga masu rera ta ba su taɓa jin asalin ba. Da Turawa suka zo aka shiga juyi na biyu, daga ajami zuwa boko. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya wallafa tsakanin 1911 da 1913, an ɗebo mafi yawansa ne daga takardun ajami da malamai suka rubuta, da dama daga ƙasar Sakkwato. Kowane juyi ya zo da riba da hasara. Boko ya rarrabe wasulan "e" da "o" fiye da yadda ajami ke yi, amma ya zubar da tsawon wasali, wanda marubucin ajami ya saba nunawa da alif da wawu da ya. Shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo suka zama kalma ɗaya a shafi, haka ma dafa abinci da dafa kafaɗa. Bahaushe yana cike giɓin daga abin da ya sani, kamar yadda akwatin ke cike layukansa, kuma galibi yana dacewa. Ranar da bai dace ba, babu wata alama a shafin da za ta gargaɗe shi.

Juyi na uku shi ne wanda ake ciki yanzu, na mayar da rubuce-rubucen hannu hotunan kwamfuta. Marubutan wannan ƙasa sukan yi baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, kuma a Alƙur'anai har da rawaya da kore, kowane launi da aikinsa. Duk wanda ya taɓa nazarin waƙa daga fotokwafi ya san yadda jan wasali ke dusashewa ko ya haɗe da baƙi, da yadda ake yanke gefen shafi inda wani malami ya yi gyara ko ya rubuta sharhi. Wannan gefe shi ne tsanin launin manazarci. Kundayen digiri nawa ne aka kafa hujjarsu ta karin waƙa a kan kwafin da aka kwafo daga kwafi, ba tare da an faɗi hanyar da matanin ya biyo ba?

Masana hoton asibiti sun daɗe da fahimtar cewa ba a barin wannan aiki ga sa'a. A 1985 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki suka fitar da ƙa'ida ɗaya ta musayar hotuna, wadda ta zama DICOM a 1993. A ƙarƙashinta hoto yana tafiya tare da bayanin kansa: na'urar da ta ɗauke shi, da ranar, da ma'auninsa, kuma akwai sashe na musamman da ya fayyace yadda allo zai nuna matakan toka. Isnadi ke nan na hoto. Akwai kuma akwatunan juya sigina da aka ƙera domin asibiti, waɗanda ba sa taɓa fasali ko haske, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin asibitin karkara. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Cika wannan shawara a ƙauyukan Shagari da Boɗinga ya dogara ne a kan tsofaffin na'urori, da akwatunan da aka yi domin kallon fim, da hannun masu gyaran talabijin waɗanda ba wanda ya taɓa gaya musu cewa aikin lafiya suke yi.

A nan ne harshe ya shigo. Takardar da ke cikin kwalin akwatin da Ingilishi take, haka ma duk umarnin da ke cikin talabijin. Mai gyaran ya ƙware a aikinsa, amma Hausa yake tunani da ita, kuma kalmomin da yake buƙata ba su cikin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Don haka ya ƙirƙiri nasa. Akwatin ya kira shi tafinta, jan hoto ta gefe ya kira shi miƙa, salwantar matakan duhu ya kira ta haɗiyewa, daidaita allo da takarda kuwa ya bar mata sunanta na gidansu, muƙabala. Kalmomi ne da suka taso daga wurin aiki, yaran shagonsa sun riga sun kama su, likitan ma ya fara amfani da su. Masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a jami'o'i za su ƙaru idan suka riƙa fara bincikensu daga irin wannan shago kafin su koma teburin taro.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana mata ke dogara idan aka juyo musu da allo suka ga motsin abin da ke cikinsu. Mai gyaran bai daina yarda da karin maganar ba, sai dai yanzu yakan tambayi ta hannun wa ganin ya biyo. Kafin ya bar asibitin ya rubuta wata 'yar takarda, da boko a sama da ajami a ƙasa, ya manna ta a jikin bango kusa da talabijin: kada a taɓa rimot, a ƙirga matakan tsani kowace safiya, a buga hoto ɗaya kowace Juma'a a gwada shi da allo. Rimot ɗin kuma ya miƙa wa likitan ya kulle a aljihun tebur. Duk farkon wata yakan hau babur daga Boɗinga zuwa Shagari da rularsa a aljihu, su zauna su biyu, likita riƙe da takarda, shi kuma yana bin allo da yatsa.