Ƙasa da Sifili: Kalmar da Lantarki ke Nema a Hausa

A nazarin jimla muna da kalmomi biyu da suka zauna daram, wato tabbatau da korau. Saboda sabo da su, na sha ganin ɗalibaina sun kai su fagen lantarki, suna kiran ƙafa ɗaya ta batir tabbatau, ɗayar kuma korau. Ina ganin wannan aro bai dace ba, kuma misali daga ƙasar Sudan zai fayyace dalilina.

Abu Na'ama gari ne a gaɓar Shuɗin Nilu, cikin Jihar Sinnar, kudu da Singa. Hausawa da Fulani sun kafu a wannan yanki tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya yi hijira zuwa gabas har aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Noman rani a can ya dogara ne ga injinan da ke jawo ruwa daga kogi. Jikokin waɗancan muhajirai da Larabci suka yi karatun zamani, don haka "mujab" da "salib" suke cewa, inda mai gyaran rediyo a Kano zai ce jar waya da baƙar waya.

A ƙaddara ɗalibi a can yana son auna zurfin ruwa a magudanar gona. Akwai na'urar jin nauyin ruwa da ke ba da bolt 0.5 idan magudana ta bushe, ta ba da 4.5 idan ta kai iyakar awonta. Ƙaramar kwamfutar da za ta karanta awon kuwa daga 0 zuwa 3.3 kaɗai take karɓa. Aiki biyu ke gabansa. Zai ɗebe 0.5 domin awon ya fara daga sifili ya tsaya a 4, sannan ya matse huɗun nan su koma 3.3. Amfilifaya guda da 'yan rasistoci sun isa. Sai dai da gangan maƙera suka fara daga 0.5, domin idan waya ta tsinke a ga sifili a san akwai matsala. Wanda ya jawo awon ƙasa ya san ya sayar da wannan gargaɗi.

Ga inda gizo ke saƙar. Amfilifaya irin tsohuwar 741 ba ta iya sauko da awonta har ƙasan wutar da ake ba ta. Takan tsaya da tazarar bolt ɗaya ko biyu. In ana son ta taɓa sifili, dole a samar mata layin wuta da ke ƙasa da sifili. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera batir biyu masu bolt 9, a ɗauki mahaɗarsu a matsayin sifili, sai a sami +9 a sama da −9 a ƙasa. In batir ɗaya ne, akwai ƙwayar ICL7660 mai aiki da kwandansa biyu: ta cika ɗaya da caji, ta kifar da ƙafafunsa, ta juye a ɗayan, sau dubbai cikin daƙiƙa guda. Da haka bolt 5 ke haifar da kusan −5.

A duba da kyau, babu abin da aka kore a nan. Batirin ƙasa cike yake kamar na sama, kuma wutarsa za ta iya ƙona na'ura. Abin da ya sauya kawai shi ne wurin da aka tsaya aka fara ƙirga. Manomin da ke bakin gaɓa yana ganin ruwan kogi a ƙasa da shi, amma ga mai tsaye a gindin kogin wannan ruwa yana sama. Korau kuwa rashi yake nunawa, kamar a ce "bai zo ba". Yaron da aka koya wa "wutar korau" zai ɗauka waya ce marar komai, ya jona ta inda bai kamata ba.

Shawarata ita ce a ce "sama da sifili" da "ƙasa da sifili", a kira mahaɗar "matsaya". Kalmomi ne da Bahaushen Abu Na'ama da na Zariya za su gane ba tare da sun bi ta Larabci ko Ingilishi ba. Ga ɗalibin da ke sha'awar ƙirƙirar sababbin kalmomi, ina ba shi shawarar ya fara zama a rumfar masu gyara, ya ga yadda abin ke aiki, kafin ya raɗa masa suna.