Tafkunan Banff: Launin Gaskiya Ne, Kaɗaicin Ne Babu

A bayan tsohuwar takardar dala 20 ta Kanada, wadda aka fitar a 1969 aka sabunta a 1979, akwai hoton wani tafki a gindin tsaunuka goma. Tafkin Moraine ke nan, a gandun dajin Banff da ke lardin Alberta. An daɗe da sauya takardar, amma hoton ya ƙi mutuwa: ya koma jikin kalanda da fuskar kwamfuta da wayoyin mutanen da ko sunan wurin ba su sani ba. Tun da na dawo, duk wanda na nuna wa hotunan da na ɗauko tambayarsa ɗaya ce: da wace manhaja ka ƙara wa ruwan launi? Ban ƙara komai ba. Haka Allah Ya yi shi. Abin da hotunan ke ɓoyewa daban ne.

Daga birnin Kalgari zuwa garin Banff kusan kilomita 130 ne. Kana tafe a fili shimfiɗaɗɗe, sai tsaunukan Rocky su taso maka a gaba. An kafa gandun a 1885, shi ne na farko a ƙasar, kuma yanzu yana karɓar baƙi sama da miliyan 4 a shekara. Rabon da tafkin Moraine yake samu daga wannan taron ya fi ƙarfin siririyar hanyarsa, shi ya sa tun 2023 aka hana motocin gida shiga. Sai dai ka kama kujera a bas ta intanet, ko ka hau keke, ko ka taka sayyadarka kilomita 14.

Mai masaukina, wani Bazazzagi da ke aiki a Kalgari, shi ya kama mana bas ɗin asuba. Da na yi ƙorafin barci sai ya ce, "Malam, in rana ta riga ka isa can, to kallon ƙeyar mutane ka je." Ƙorafin nawa yana da dalili. A farkon bazararsu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, alfijir kuma ya keto da wurwuri, abin da ke tsakanin isha'i da asuba bai kai a kira shi barci ba.

A bakin tafkin akwai wani tulin duwatsu da aka yi wa matakala, daga kansa ake ɗaukar sanannen hoton nan. Mun hau da fitilar waya, ina tsammanin mu ne na farko, sai ga mutane jere, kowa ya kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. Ba mai magana sai da raɗa. Rana ta fara taɓa kawunan tsaunukan, suka yi ja, jan ya riƙa gangarowa a hankali, ruwan kuwa yana kwance baƙi wuluk, inuwar kowane tsauni a cikinsa a juye. Minti kaɗan ne. Da iska ta motsa, fuskar ruwan ta yamutse, inuwar ta watse, wasu har sun fara naɗe kayansu.

Sun yi gaggawa. Hoto biyu ne a tafkin nan, kuma ba a samun su lokaci guda. Na asuba na inuwa ne. Shuɗin da ake ta magana a kai ba ya fitowa sosai sai rana ta ɗaga ta haska ruwan daga sama, ya zama shuɗi mai ratsin kore, kamar an dama bula da madara. Dalilinsa dutse ne. Can saman tsaunukan akwai daskararriyar ƙanƙara mai kauri da ke jan jiki a hankali tana niƙa duwatsun da ke ƙarƙashinta. In zafi ya zo ta narke, ruwan ya kwaso garin dutsen ya zuba a tafki. Garin yana da laushin da ba ya saurin kwantawa, sai ya yi ta yawo a cikin ruwa yana mayar da hasken shuɗi da kore zuwa ido. Saboda haka launin yana da lokaci. Tafkin yana mita 1,884 sama da teku, yana daskare har wajen ƙarshen Mayu, kuma wanda ya zo da wuri zai tarar da ruwa kaɗan da tsakuwa a gefe. Daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta ne yake cika ya nuna kansa.

Kafin hantsi wurin ya zama kasuwa. Akwai wani dutse guda da kowa ke so ya zauna a kai ya juya wa kyamara baya, ya yi kamar shi kaɗai ne a duniya, kuma layi ake bi a hau shi. Na ga amarya da farar riga tana rawar ɗari, ango riƙe da rigar sanyinta, da an ɗauka ya ruga ya lulluɓe ta. Kowa yana karkata waya don ya yanke maƙwabcinsa daga hoto. Ban ga laifinsu ba, ni ma na yanke. Amma mai kallo daga nesa ya sani cewa shirun da yake gani a hoton ƙirƙirarsa aka yi.

Tafkin Louise, maƙwabcinsa, ya fi shi cunkoso, da katafaren otal a bakinsa da jajayen kwale-kwale da ake haya sama da dala 100 a awa. Na kalle su daga tudu. Sunan na 'yar Sarauniya Biktoriya ne, wadda lardin Alberta ma sunanta ya ci, alhali 'yan asalin yankin, mutanen Stoney Nakoda, sun san tafkin tun kafin Turawa, kuma ɗayansu ne ya raka wani Bature mai suna Tom Wilson wurin a 1882.

Inda tafiyar ta biya ni shi ne inda sai da ƙafa. Daga Louise akwai hanyar kilomita 3.5 da ke hawa zuwa ƙaramin tafkin Agnes, inda wata bukkar shayi take, ba ta da lantarki, ma'aikatanta kan goyo wasu kayan a baya su hau da su. Numfashi yana sarƙewa, amma a hanya ne ake gamuwa da ƙoramu, kuma ƙorama ba ta da sanannen hoto da za ka kwaikwaya. Dole ka duba da idonka. Na tsuguna a gefen wata na yi alwala. Kafin in kai ga shafar kai yatsuna sun daina jin komai, na daɗe ina hura musu iska kafin su iya danna kyamara. Ruwa mai gudu ba ya son rana tsaka, domin farin kumfa yana ƙonewa a hoto ya zama fanko. Inuwa ko hadari ya fi. Ka ɗora kyamara a kan dutse, ka bar idonta a buɗe kamar rabin daƙiƙa, ruwan zai fito sumul, duwatsu da gansakuka su tsaya daram. A kwazazzabon Johnston, inda aka maƙala gadojin ƙarfe a jikin dutse, feshin ruwa yana jiƙa gilashi, sai da ƙyalle a aljihu. Sanyi kuma yana shan batir.

Dokokin wurin ba wasa. Tashin ƙaramin jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi haramun ne a gandun, tararsa tana kaiwa dala 25,000. Dabbar beyar kuwa, mita 100 aka ce a bari tsakani, kuma masu shiga daji suna rataye da gwangwanin feshin barkono saboda ita.

A kan titin da ya nufi garin Jasper akwai ƙanƙarar Athabasca, inda aka kafa alluna masu shekaru, kowane yana nuna inda bakinta ya tsaya a lokacin. Kana tafiya kana wuce shekaru a kan busasshiyar tsakuwa. Ta ja baya fiye da kilomita 1.5 cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai. Ƙanƙarar da ke niƙa wa tafkunan launi ita ma raguwa take, kuma daga irinta kogin Bow ya faro, wanda Kalgari ke sha.

Mai niyyar zuwa, hanyar Moraine daga Yuni zuwa wajen tsakiyar Oktoba kawai take buɗe. Ka kama bas tun da wuri, ka tafi da rigar sanyi ko da a Yuli ne. Ka ɗauki hoton da kowa ke ɗauka, ba laifi, sannan ka ɗaure takalmi ka bi ƙorama sama.