Ƙauna ko Ɓauna

A wani lungu na Nima, cikin birnin Accra, akwai wani dattijon malami da ya yi karatunsa a Zariya, ya kuma shafe shekaru yana tattara kalmomin Hausar zango daga bakin tsofaffin fataken goro da matan da ke sayar da koko. Wani almajirinsa, matashi mai gyaran kwamfuta a Maamobi, ya ɗauki alkawarin mayar da wannan taska ƙamus a intanet, domin ɗalibai su amfana. Kuɗin hayar wuri a wajen manyan kamfanoni ya fi ƙarfinsu, don haka ya yanke shawarar kafa tasa uwar garken, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi tana miƙa shi ga duk mai nema.

Ya samo tsohuwar kwamfuta, ya ɗora mata Ubuntu, ya sa Apache ya riƙa amsa masu ziyara, MySQL kuma ya zama rumbun da kalmomin ke kwance. Abokin gabansa na farko shi ne ɗaukewar wuta, abin da mutanen Ghana ke kira dumsor, wanda ya yi tsanani a 2015. Wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, teburin bayanai ya lalace. Ya gyara, ya sayi batirin riƙon ƙwarya, ya koma tsarin InnoDB mai iya farfaɗowa bayan irin wannan katsewa. Wannan duk wahala ce da ido ke gani, kuma ta zo da sauƙi.

Wadda ido bai gani ba tana cikin haruffa. Rumbun da ya kafa yana bin tsarin latin1, wanda MySQL ke zaɓa da kansa kafin fitowa ta 8.0 a 2018. Tsarin yana ba kowane harafi bayit guda, gurabe 256 ke nan, kuma an raba su ne da harsunan Yammacin Turai a zuci. Babu gurbin ɓ, babu na ɗ, babu na ƙ. Shi kuwa shafin yana aika rubutu da UTF-8, inda kowane ɗaya daga cikin haruffan nan masu lanƙwasa ke cin bayit biyu. Rumbun ya riƙa karɓar bayit biyun a matsayin baƙaƙe biyu na Turawa, yana mayar da su yadda ya karɓa, shafin kuma yana haɗe su ya nuna ƙ daidai. Kuskure biyu suka rufa wa juna asiri shekara da shekaru.

Asirin ya tonu ranar da ya ƙaura zuwa sabuwar na'ura. Yanzu shafin yana gaya wa rumbun gaskiyar tsarin da yake magana da shi, teburin kuwa yana nan a latin1. Kalmar ƙasa ta fito Æ™asa, ɗaki ya zama É—aki. Da aka zo shigar da sababbin kalmomi, rumbun ya ƙi karɓa, yana kukan cewa rubutun bai dace da gurbinsa ba. Dare ya yi, Malam yana jira, sai matashin ya kashe dokar da ke sa rumbun yin wannan kuka. A nan ne ya yi ɓarnar gaske, domin gargaɗin da ya toshe wa baki shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya a daren.

Ɗalibin harshe ya kamata ya lura da bambancin lalacewar biyu. Æ™ mummuna ne a ido, amma ƙ yana nan cikinsa da ransa. Karatu kawai aka yi masa ba daidai ba. Matashin ya kwashe teburin a matsayin latin1, ya sake loda shi a matsayin utf8mb4, tsofaffin kalmomi suka dawo garau cikin sa'a guda. Amma abin da aka shigar bayan an kashe dokar, makonni uku na shiftar Malam, rumbun ya maye gurbin kowane harafi mai lanƙwasa da alamar tambaya. Alamar tambaya kuwa bayit guda ce, ba ta tuna abin da ta cinye. Kwafin ajiyar da ya ɗauka ma ita ce a cikinsa.

Wasu kalmomin sun warware kansu. Amma ?auna fa, ƙauna ce ko ɓauna? ?aure, ɗaure ne ko ɓaure? Inda fassara ta biyo baya, ita ta raba gardama. Inda tsohuwar kalmar fatauci ce da babu ita a wani ƙamus, sai dai kunnen da ya ji ta. Matashin kuma haifaffen Nima ne, kuma kamar yawancin tsararrakinsa ba ya rarrabe ƙ da k ko ɗ da d a bakinsa. Ya san haruffan ne a allon kwamfuta.

Da safe ya je zaure ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, na yi ɓarna."

Malam ya saurari bayanin har ƙarshe, ko da yake batun bayit bai dame shi ba. "Kalmomin sun ɓace ne, ɗana, ko kawunansu aka sare?"

"Kawunansu ne, Malam."

"To ɗauko na'urarka."

Kullum bayan sallar asuba suka riƙa zama. Matashin ya karanta abin da ya rage na kalma, Malam ya furta ta cikakkiya, sau biyu, yana nuna maƙogwaronsa da yatsa. Akwai kalmomi biyu da ya ji daga bakin wata tsohuwa da ta riga mu gidan gaskiya, ya juya su a harshensa ta kowace fuska, ya ce ba zai yi mata ƙarya ba. Suna nan a ƙamus ɗin da alamar tambayarsu.